Kofur Bunyaminu da Kawunan Tsallake

Ni Mero, mai tuyar masa a bakin makaranta tun kafin a sauke tutar Bature, ni ce zan ba da labarin Kofur Bunyaminu. Waɗanda suka fi ni saninsa duk sun kwanta dama, waɗanda suka rage kuwa haƙora sun zube, in sun yi magana sai ka ce kunu suke hurawa. Ɗan goggona ne, ni ɗiyar kawunsa, taubasai ke nan. Saboda haka duk abin da na faɗa a kansa halal ne, ko yana da rai ba shi da inda zai kai ƙara.

Kofur dogo ne kamar gorar tuƙin jirgi, ga kunnuwa kamar an liƙa masa faifai biyu. Ya tafi yaƙin Barma da ƙafa lafiyayya da hankali cikakke, ya dawo da gwiwa mai ƙara da hankalin da ke zuwa yana komawa. In hadari ya haɗu aka yi tsawa, sai ya faɗa rami mafi kusa, ya rufe kai, yana kiran sunayen mutanen da ba mu taɓa ji ba. Yaran Bagudo suka riƙa binsa suna cewa, "Barma ta ci, ta bar saura." Ba wanda ya ba shi mata. Gidan ubansa kuwa ruwan Kwara ya cinye shi a wata ambaliya, ya bar shi da uwarsa, Goggo Sabuwa, makauniya, suna raɓe a wata rumfa da ko akuya mai mutunci ba za ta kwana a ciki ba.

A haka aka gina makarantar kwana a bayan gari. Mu dai Kwaleji muke ce mata, ko gwamnati ta yarda ko ba ta yarda ba. 'Yan makarantar lokacin ba irin na yanzu ba ne da ake goge wa majina. Samari ne, wasu da gashin baki, wasu har an yi musu baiko. Da bikin samun 'yanci ya matso, hedimasta, wani Malam Lukmanu da aka turo mana daga gabas, ya rasa wanda zai koya musu fareti. Aka ce ai ga tsohon soja can yana zaman banza. Aka kira Kofur, aka ba shi kaki, aka rataya masa usur a wuya, aka ba shi ɗaki ɗaya mai rufin kwano a bayan sito.

Ranar da ya kai Goggo ɗakin nan, ta shafa bango tun daga ƙofa har ta zagayo, ta ce, "Soja, wanga ɗaki namu ne?" Ɗan fari ne, ba ta kama sunansa. Ya ce, "Namu ne, Inna." Tun daga ranar nan, tsawa ta daina jefa shi rami. In ta buga sai ya damƙe usur ɗin nan, ya cije, har ta wuce. Yaran da ke yi masa waƙa suka koma, "Ina kwana, Kofur." Ku riƙe wannan, don shi ne kan zancen: usur da ɗakin nan su ne suka tsaya tsakaninsa da rami.

Fareti ya wuce lafiya. Sai aka gano cewa a barikin soja ya koyi tamola, wato ƙwallo, aka ce ya ci gaba da koya wa samari. Kuma ya koya musu. Akwai wani Maidawa, maraya, ɗan gaba, in ya ɗauki ƙwallo sai ka ce zomo ya ga kare. Akwai Hamma mai tsaron gida, hannuwansa kamar matankaɗi. Suka je Kamba suka ci, suka je Bahindi suka ci, garin ya cika da baki. Ni ma masata ta yi kasuwa.

Da bazara ta shigo, aka gayyato 'yan tsallake, wato samarin wani garin kasuwa na Dahomi da ke bayan iyaka, ƙasar da yanzu kuke ce wa Benin. Iyakar nan, Bature ne ya ja ta da alƙalami ta tsakiyar tabarmar mutane. Kasuwarmu ɗaya, jana'izarmu ɗaya, rabin matan garinmu can aka auro su. 'Yan wasansu kuwa ba 'yan makaranta ba ne, matuƙa jirgi ne da 'yan dako, magidanta. Babbansu wani Sambo, ɗan baya, ƙato kamar rumbu. Har wani babban jami'in ilimi ya zo daga lardi don ya ga yadda 'yantattun samarinmu za su yi da yaran Faransa.

Ya kuwa gani. Bakwai da nema.

Ban taɓa ganin abin takaici irin wannan ba, kuma na ga mijina yana rawa. Maidawa, zomon nan, in ya doshi Sambo sai ƙafarsa ta yi sanyi, ƙwallo ta gangara wurin ƙaton kamar an aike ta da saƙo. 'Yan bayanmu suna buɗe hanya kamar ana wucewa da gawa. Hamma kuwa, in aka bugo, sai ya kalli ƙasa. Jami'in lardi ya yi dariya har ya share ido, ya ce wa hedimasta, "Malam, anya tutar da kuka ɗaga ba ta yi muku nauyi ba?"

Kashegari hedimasta ya kira Kofur. Ina bakin taga da tanda, kunnena kuwa bai taɓa yin azumi ba.

"Kofur, ka ga abin da aka yi mini jiya?"

"Na gani, ranka shi daɗe."

"An sa ranar ramuwa, ranar da ƙasa za ta cika shekara da 'yanci. In aka sake cin mu, lardi za su turo malamin wasanni mai takarda. Zai buƙaci usur, zai buƙaci ɗaki. Ka gane?"

Kofur ya sara masa, ya fito. Ya wuce ni bai ko saci masa ɗaya ba, abin da bai taɓa yi ba.

Daga nan kowa a Bagudo ya zama likitan ƙwallo. Hedimasta ya ce takalma ne, 'yan tsallake suna da kambas, namu ƙafa tsirara. Kofur ya ɗauki babbar kwat ɗinsa ta soja, wadda Goggo ke lulluɓa da ita in sanyi ya sauko, ya kai kasuwar Kamba, ya dawo da buhun kambas. Samarin suka sa, ƙafafunsu suka yi bororo, suka koma rataya su a wuya suna wasa da ƙafa kamar da. Mai dafa musu abinci ya ce tuwon dawa ne ke yi musu nauyi. Aka rage tuwo, suka rame, suka riƙa bin tandata da ido kamar karnukan mahauta. Wani dattijo ya rantse sammu ne aka binne a gidan da Hamma ke tsaro a filin wasa. Kofur, mutumin da ya ga jirgin sama na zubar da wuta, ya ɗauki fartanya ya tone tsakanin sandunan nan biyu har ramin ya kai masa ƙugu. Abin da ya samu muƙamuƙin jaki ne, tsoho.

Na leƙa ramin na ce, "Bawana, ka samo kakanka?"

Bai tanka ba. Nan na fara jin tsoro, don taubashin da ka zaga bai rama ba, ba lafiya ba.

Ya koma gudu da su a yashin bakin kogi, yana bin su da gwiwarsa mai ƙara, yana ihu har muryarsa ta dushe. Abin da ke cinye shi shi ne, in sun raba kansu gida biyu suna wasa, zakuna ne. Hamma ya kama ta sama ya kama ta ƙasa. Maidawa ya yanke mutum uku ya bar su suna neman hularsu. To mene ne ya same su ranar nan? Ya tambaye su da lallashi, ya tambaye su da tsawa. Amsar dai ɗaya ce, kai a sunkuye: "Ƙaddara ce, Kofur."

Ya daina cin abinci. Kakinsa ya koma yi masa yawa. Damina ta faɗi, kuma wata rana da rana tsaka aka yi tsawa, na hango shi a tsakiyar fili ya durƙusa, hannu biyu a ka, usur na lilo. Ya daɗe kafin ya tashi. Ya duba ko wani ya gan shi. Na juya masata kamar ban gani ba.

Da na kai wa Goggo fura, ta riƙe mini hannu ta ce, "Mero, mi ke damun Soja? Shina kwana zaune. Na ji shi shina ƙirga kwanon rufi." Na ce, "Goggo, aure shika so, ya rasa mai ɗaukar kunnuwan." Ta yi dariya, amma ba ta sake mini hannu da wuri ba. Ba wanda ya gaya mata zancen ɗaki. Makaho dai ba kurma ba ne.

Ana cikin haka watan cika-ciki ya kama. Kun san al'adar, ko da yake ku 'yan yanzu kun mayar da ita gaisuwar waya. Ranar taubasai ce. Ka kama naka ka yi masa duk wulaƙancin da ka tara shekara guda, ba mai cewa don me. Ranar ta faɗo ranar kasuwa, 'yan tsallake sun cika gari. Na ce yau ko Kofur ya yi dariya ko ya mutu. Na laɓe bayan rumfar mai gishiri da ƙwaryar ruwan tsari, na wankin gero, yana zuwa wucewa na sheƙa masa tun daga ka, na fizge usur ɗin daga wuyansa, na zura da gudu.

Ashe akwai sauran rai a jikinsa. Ya biyo ni, gwiwa na ƙara kamar tsohuwar ƙofa, yana cewa, "Mero, in na kama ki sai na sayar da ke na sayi taba!" Muka bi ta 'yan kifi, muka tsallake tukwane, a gaban 'yan goro ya sa mini ƙafa. Ni, matar aure, uwar 'ya'ya, na faɗi rub da ciki a cikin taɓo. Kasuwa ta ɗauki shewa. Mijina ma yana wurin, dariya ya yi ya ce a ƙara mini.

Kofur ya ƙwace usur ɗinsa, yana haki, yana dariyar da ya yi wata da watanni bai yi ba. Sai muka ji wata shewar a gefen 'yan tabarma. Maidawa ne ya biyo wani ƙaton ɗan tsallake, ɗaya daga cikin waɗanda suka ci mu bakwai. Ya sha gabansa, ya nuna zai bi dama ya bi hagu, ya kwashe masa ƙafa, ya haye ruwan cikinsa yana shafa masa toka a fuska. Ƙaton yana ihu yana dariya. Taubashinsa ne.

Kwatsam sai ga Sambo ya ɓullo da daurin busasshen kifi a ka. Maidawa ya gan shi. Wallahi kamar an zare masa laka. Ya sauka daga kan mutum, ya cire takalmi, ya durƙusa can gefe, idonsa a ƙasa, yana cewa, "Sannu, Kawu. An zo lahiya, Kawu?" Bai tashi ba sai da Sambo ya ɓace cikin jama'a.

Na duba Kofur. Ya tsaya ƙiƙam, ruwan tsari na ɗiga daga kunnuwansa, bakinsa a buɗe.

Na ce, "Rufe, kar ƙuda su yi maka gida."

Ya ce, "Mero, Sambo mi ne ne ga yaron ga?"

Na ce, "Kai dai Barma ta cinye maka dangi. Ƙanen uwarsa Rakiya ne. Shi ya riƙe shi tun ubansa ya rasu, shi ya yi masa kaciya, shi ya kawo shi makaranta a cikin jirginsa."

A ranar ya tara su a gindin tsamiya. Ya fara da Hamma.

"Wanda ya zura maka huɗu, wane ne?"

Hamma ya tone ƙasa da ɗan yatsan ƙafa. "Wan yarinyar da aka yi mini baiko ne, Kofur."

"Shi ya sa ka bar ta ta wuce?"

"Kofur, surukina ya bugo abu da ƙarhinsa gaban jama'a, ni kuma in kama? In kunyata shi? Da wane ido zan shiga gidansu?"

Ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Wannan kawunsa ne, wancan ƙanen ubansa, wani mijin yayarsa, wani kuma sunan mahaifinsa gare shi, ko kallonsa ba ya iya yi balle ya sa masa ƙafa. Kofur ya dafe kai. Shi da ya yi shekaru a inda saje ɗan cikinka zai zage ka ka ce na gode, soja ya wanke masa wannan lissafi tas. Hedimasta kuwa baƙo ne, bai san wa ya haifi wa ba.

"Don mi ba ku faɗa mini ba? Na sayar da kwat, na tone rami!"

Maidawa ya ce, "Abin kunya ai ba a faɗinsa, Kofur."

Ya gwada ta soja tukuna. Ya ce a fili babu kawu babu suruki, umurni ne. Duka suka ce, "To." Ya san irin wannan to ɗin. Ita ce wadda nake ce wa mijina.

Ya zo ɗaki ya same ni wurin Goggo, ya zauna, ya ce in kawo gyaɗa da wake. Ya jera gyaɗa a gefen tabarma, su ne namu, wake a ɗaya gefen, 'yan tsallake. Ya ce, "Inna, ɗan wane da ɗan wance, mi ke tsakaninsu?" Goggo Sabuwa ba ta ganin tafin hannunta, amma ta san cikin da kowa ya fito daga nan har Dahomi. Tana faɗi yana matsar da gyaɗa. Dabarar ita ce, kowane yaro a tsayar da shi gaban taubashinsa, a nisanta shi da kawunsa da surukinsa. Wanda ba shi da taubashi a cikinsu a nemo masa wanda ba su haɗa komai ba. Aka fitar da Hamma daga tsaron gida aka sa wani da ba a yi wa baiko ba. Aka mayar da Maidawa can gefen hagu, inda Sambo ba ya zuwa. Muna cikin yi na cinye 'yan baya biyu, ya kusa ya rufe ni da duka.

Goggo ta ce, "Soja, in wake ya bar wurinsa hwa?"

Ya ce, "Sai Allah, Inna."

Ranar ramuwa ta zo. Tutoci, makaɗa, jami'in lardi a kujerar gaba, dattawan gari biyu a kan tabarmi. Aka busa. Jama'a, ban san ƙwallo ake yi ba ko cika-ciki. Zagi kawai ke tashi. "Bawana, kawo ta nan!" "Ɗan mai kan tulu, yau sai ka biya kuɗin shara!" Samarinmu suka shiga ƙattin nan ba sani ba sabo, a kwashe mutum ya tashi yana dariya ya rama. 'Yan tsallake suka rikice. Muka ci ɗaya kafin hutu, suka rama bayan hutu. Kofur yana bakin layi, ina gefensa da tanda, kakinsa ya jiƙe sharkaf. Kunnen doki ba zai cece shi ba, don jami'in lardi ya riga ya ce wa hedimasta mai takarda na nan a shirye, nasara kaɗai za ta hana a turo shi.

Rana ta yi ƙasa, alƙalin wasa ya fara duba agogo. Sai ƙwallo ta faɗo wa Maidawa a gefen hagu. Ya yanke taubashinsa, ya bar shi zaune. Ya shigo. Kuma wake ya bar wurinsa. Sambo ya baro tsakiya ya tsaya masa a gaba, ya buɗe ƙafa, ya buɗe hannu, hankalinsa kwance, don ya san yaron da ya yi wa kaciya ba zai wuce shi ba.

Maidawa ya rage gudu. Na ga kansa ya fara sunkuyawa. Sai ya ɗago ya dubi bakin layi. Duk makarantar ta san zancen ɗaki, shi kuwa yakan ɗebo wa Goggo ruwa. Ina tsaye kafaɗa da kafaɗa da Kofur, kuma na rantse da abin da zai kashe ni, bai buɗe baki ba, bai ɗaga hannu ba. Idonsa ma a rufe yake.

Yaron ya tura ƙwallo ta tsakanin ƙafafun kawunsa, ya bi ta gefe, kafaɗarsa ta daki ƙirjin ƙaton. Sambo ya zauna daɓas a ƙasa, ƙafafu sama. Ƙwallo ta shiga.

'Yan makaranta suka ɓarke da ihu. Hedimasta ya jefa hularsa sama. Amma tabarmin dattawa tsit, kamar an yi mutuwa. Sambo ya tashi, bai kaɗe jikinsa ba, ya fice daga fili tun ba a busa tashi ba. Maidawa ya tsaya a gaban raga shi kaɗai.

Da safe suka zo ofishin hedimasta, dattawan nan da na can, Sambo a gaba, Rakiya a baya tana kuka cikin mayafi. Ni kuma ga ni a tagata.

Sambo ya ce, "Malam, ɗa na kawo maka. Jiya gaban gari biyu ya bi ta tsakanin ƙahwahuna ya kayar da ni. Na cire hannuna daga kansa. Kar ya taka gidana, kar ya zo jana'izata. Uwarsa ta zaɓa, ko ni ko shi."

Rakiya ta faɗi tana riƙe masa ƙafa. Wani dattijo ya ce in dai abin da boko ke koyarwa ke nan, kowa zai kwashe ɗansa kafin azahar.

Hedimasta ya ga makaranta za ta watse a hannunsa. Kuma gaskiya ba ya son rabuwa da Kofur, mutumin da ya fitar da shi kunya jiya jiyan nan. Sai ya samo mafita mai sauƙi. Ya ce laifin yaro ne shi kaɗai, za a yi masa bulala a gaban kowa, a kore shi, magana ta mutu. Ya dubi Kofur ya ce, "Ko ba haka ba? Kai ai gefen hagu ka sa shi."

Abin da ake nema daga bakinsa ke nan, ya ce haka ne. Gaskiya ce ma. In ya faɗa, sai ya koma ɗakinsa, ya ci tuwo. Na ga hannunsa ya tafi wuya ya damƙe usur, yadda yake yi in za a yi tsawa. Maidawa yana durƙushe a bakin ƙofa, ba makaranta, ba kawu, ba uba.

Kofur ya ƙame ya ce, "Ranka shi daɗe, umurnina ne. Na ce masa in bai wuce Sambo ba zan karya masa ƙahwa in jefa shi Kwara. Kun san ni, kaina ba daidai yake ba. Tsorona ya ji."

Maidawa ya ɗago zai yi magana. Kofur ya daka masa tsawar da ta girgiza kwanon ofis: "Shiru! Wa ya ba ka izini?"

Dattawa suka dubi juna, suka gyaɗa kai. Wannan ai sun gane shi. Mahaukacin Barma ne ya tilasta wa yaro. Sambo ya yi ajiyar zuciya, ya ce wa Maidawa, "Tashi, ja'iri, ɗauko mini kayana." Rakiya ta koma kukan daɗi. Dattawa suka ce 'ya'yansu za su zauna, amma ba a hannun wancan ba. Hedimasta bai iya kallon Kofur ba. Ya ce ya ajiye kaki da usur, ya bar ɗaki kafin Juma'a.

Ya fito, ya zo wucewa ta gabana. Na miƙa hannu na fizge usur ɗin, na jefa cikin zanena. Da magatakardan makaranta ya zo karɓa, Kofur ya ce, "Taubashiyata ta ƙwace." Aka zo wurina. Na ce wanda ya isa ya sa hannu ya ɗauka. Har yau ba a samu wanda ya isa ba.

A kan jaki muka ɗauko Goggo zuwa gidana. Kafin ta fito ta sake shafa bangon nan tun daga ƙofa har ta zagayo. A hanya ta ce, "Soja, an ce kun ci." Ya ce, "Mun ci, Inna." Mijina ya fara gunaguni a kan baki biyu da suka ƙaru, na tuna masa da kuɗin masar wa ake cefane, ya ga ashe gidan da faɗi.

Yara suka koma waƙarsu ta da. Tsawa ta koma jefa shi rami, sai dai yanzu in hadari ya haɗu nakan aika masa da usur ɗin ya riƙe, in gari ya washe in ƙwace abina. Ya kafa rumfar gyaran keke a hanyar iyaka, yana liƙe tayoyin 'yan fasa-ƙwauri, a nan ya tsufa. Bai yi aure ba. Malamin wasanni mai takarda ya zo, kuma duk shekara in wasan tsallake ya matso, sai ka gan shi ya turo kekensa lafiyayye wurin Kofur, wai iska ta rage, su zauna da gyaɗa da wake. Maidawa ya zama malami, ya zama hedimasta a wani gari. In ya zo gida, tun daga nesa yake cire takalmi, ya durƙusa a gaban rumfar nan. Kofur ya ce masa, "Tashi, ni ba kawunka ba ne, kana tare mini kasuwa."

Kowace cika-ciki nakan rataya usur ɗin a wuya in bi ta gaban rumfarsa ina busawa, ya biyo ni, gwiwa na ƙara, har muka zama tsofaffi biyu masu bin juna da sanda, jikoki na yi mana dariya. Shekarar ƙarshe na same shi kwance. Na tsaya a kansa na busa, na ce, "Tashi, bawana, raggo, ɗan mai kunnen faifai." Ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Mero, ko busawa ba ki iya ba, miyau kike zuba mishi. Kawo nan." Na ba shi. Ya sa a baki, iska ba ta isa ba. Ya riƙe shi a ƙirji, na zauna a gefensa ina zaginsa har aka kira la'asar.